Ɓeran Keji Da Abin Ƙwalamarsa

Filinmu na wannan mako zai taɓo wata dabba wadda na san da yawa daga cikinku in sun ji sunanta sai su nemi sanda, watau ɓera. A wurinmu ɓera ɓarawo ne, mai huda buhu, mai ɓarnar rumbu, mai cin tufafin da aka ajiye a adaka don Salla. Ba abin da ke haɗa mu da shi sai tarko da kyanwa da shinkafar ɓera. Amma a Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai dubban gidaje inda ɓera ya ke zaune cikin keji mai hawa biyu ko uku, an raɗa masa suna, yana hawa kafaɗar maigida, in ya yi rashin lafiya kuma a kai shi wurin likitan dabbobi a biya kuɗi. Har akwai masu shiga ɗakin girki musamman don su gasa masa ɗan abin ƙwalama na kayan lambu. Wannan abin ƙwalamar shi ne zancenmu yau, domin akwai ilimi a cikinsa wanda ya fi ƙarfin a yi dariya a wuce.

Ɓeran da su ke kiwo jikan ɓera mai ruwan ƙasa ne, wanda masana ke kira Rattus norvegicus, ko da ya ke ba daga ƙasar Norway ya fito ba. Asalinsa daga Asiya ne, ya shiga Turai ya bazu a ƙarni na 18. A zamanin Sarauniya Biktoriya an yi wani mutumin Landan mai suna Jack Black wanda sana'arsa ita ce kama ɓeraye, har yana kiran kansa mai kama wa Sarauniya ɓera. In ya kama wani mai launi na daban, fari ko mai dabbare-dabbare, sai ya ware shi ya haɗa shi da irinsa su hayayyafa, sa'an nan ya sayar wa matan masu hali su sa a keji. A 1901 wata mace mai suna Mary Douglas ta kai ɓerayenta wurin nunin dabbobi a garin Aylesbury, ɗaya daga cikinsu ya ci gasa. A 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan kiwo a Ingila, watau National Fancy Rat Society. Ba ko'ina a ƙasar Turawa aka yarda da abin ba: a lardin Alberta na Kanada doka ta hana mutum ya ajiye ɓera a gidansa, komai farinsa.

Kafin mu yi nisa ga gargaɗi guda, musamman ga yara 'yan makaranta masu karanta wannan fili. Ɓeran keji an shafe fiye da shekara ɗari ana zaɓen irinsa ana haifarsa a hannun mutane, shi ya sa ya yi laushi. Ɓeran ɗakinmu da na rumbu wani abu ne dabam. A cikinsu akwai ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Kada wani ya gama karatu ya je ya kama ɓeran kicin ya sa a kwali ya ce ya fara kiwo. Wannan ba kiwo ba ne, gayyatar ajali ce.

To, mu koma wurin masu kiwon. Su kan bambanta abu biyu, abinci da ƙwalama. Abincin ɓeran keji na yau da kullum shi ne dunƙulallen abinci na kamfani wanda aka auna masa sinadaran gina jiki, ko kuwa haɗin hatsi iri-iri wanda gwanaye ke harhaɗawa da awo. Babban ɓera ya kan ci giram 15 zuwa 20 a rana. Ƙwalama kuwa ita ce ɗan abin da a ke miƙa masa da hannu don a faranta masa rai, ko a saba da shi, ko a koya masa wani abu. A nan ne matsala ta ke. Irin ƙwalamar da a ke sayarwa a kantunan dabbobi, kamar 'yan dunƙulen alewar madara da sandunan tsaba da aka manna da zuma, galibinsu sukari ne da kitse. Shi kuwa ɓera kwaɗayinsa irin namu ne sak, zaƙi da maiƙo. In ya miƙe tsaye a bakin keji ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana kallon mutum, ba kowa ke iya hana shi ba. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓeran keji ba ya zuwa kanti, ba ya buɗe gwangwani, saboda haka in ya yi ƙiba har ya kasa hawa tsani, a tambayi hannun da ke miƙa masa.

Kuma ƙibar nan ba ta tsaya ga muni ba. Dabbar nan duk tsawon ranta shekara biyu ne zuwa uku, wata ɗaya a wurinta abu ne mai yawa. Ɓeran da ya yi teɓa ya fi saurin samun ƙari, musamman mata waɗanda ƙarin nono ke yawan kamawa. Mazan kuwa ƙoda ce ke gajiya da wuri, ga gyambon tafin ƙafa wanda nauyin jiki ke ƙara tsanantawa. Tun a 1935 wani masani mai suna Clive McCay na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa yawan abinci, ba tare da an tauye musu sinadaran da jiki ke bukata ba, sun fi waɗanda aka bari su ci iyakar cikinsu tsawon rai. Ragin da McCay ya yi mai tsanani ne, har ya tsayar da girman dabbobin, kuma ba wanda ke cewa a yi wa ɓeran gida horon yunwa. Amma binciken da ya biyo baya shekara da shekaru ya tabbatar da jigon maganar, cewa cika ciki na kawo ƙari da ciwon ƙoda da wuri. Abin mamaki, wannan ilimi da likitoci ke kafa hujja da shi a kan cimar ɗan Adam, a jikin ɓera aka fara ganinsa, sai ga shi mai ɓera ya fi kowa saurin mantawa da shi.

Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kada ƙwalama ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Kashi ɗaya cikin goma na giram 20 giram 2 ne, watau nauyin ƙwayar masara shida ko bakwai. Iyakarta ke nan. Ɗanyen kayan lambu, da ya ke yawancinsa ruwa ne, a kan ba da fiye da haka, kamar cikin cokali ɗaya a rana, amma in aka zarce sai zawo ya biyo baya.

Abu na biyu da ya kamata mai dafa wa ɓera ya sani shi ne ɓera ba ya amai. Ba ƙi ya ke yi ba, ba ya iyawa ne. A 2013 wani masani mai suna Charles Horn tare da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh sun bi diddigin abin, suka ga cewa ƙirar cikin ɓera da tsokar da ta raba ƙirjinsa da cikinsa ba su dace da amai ba, kuma ga alama ƙwaƙwalwarsa ma ba ta da hanyar da ke ba da wannan umurni. Kare in ya ci abin da bai karɓe shi ba sai ya harar ya huta. Ɓera kuwa abin da ya shiga ya shiga ke nan, iyakar dabararsa in cikinsa ya ɓaci ita ce ya nemi farar ƙasa ya ci. Don haka kuskuren mai girki ba shi da ƙofar fita.

Saboda haka akwai abubuwan da ba sa shiga tukunyarsa. Ɗanyen wake, musamman jan wake, yana da guba wadda sai dahuwa mai kyau ke kashe ta. Dankalin Turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro yana da wata gubar wadda ita ko dahuwa ba ta kawar da ita, sai dai a zubar. Dankalin Hausa a kan dafa shi tukuna, domin ɗanyensa na hana jiki cin moriyar abinci mai gina jiki. Ɗanyar albasa na ɓata jini. Ɓawon fiya da ƙwallonta ba a ba shi. Alayyafo da danginsa kaɗan-kaɗan a ke bayarwa, ba kullum ba, saboda tsakuwar mafitsara. Gishiri da sukari da mai da dunƙulen miya duk ba su da wuri, ko da mai girki ya ɗanɗana ya ji abin lami. Ba don harshensa a ke dafawa ba.

Maganar lemo ta fi ban sha'awa. A ɓawon lemon zaƙi da danginsa akwai wani mai, shi ne ke ba da ƙanshin nan in an ɓare. Namijin ɓera yana da wani sinadari na musamman a ƙodarsa wanda wannan mai ke manne wa, sai su taru su lalata ƙodar. Hukumar gwajin guba ta gwamnatin Amurka ta buga sakamakon bincikenta a 1990, inda ta ga mazan ɓeraye da aka ɗura wa man da yawa sun samu ƙarin ƙoda, alhali matan ba su samu ƙarin ƙoda ba. Gaskiya ne cewa yawan da aka ba su ya fi abin da ɓera zai samu a ɓallin lemo nesa ba kusa ba, amma masu kiwo sun zaɓi su hana mazan lemo baki ɗaya, kuma a ganina sun yi daidai, tun da ɓera ba ya bukatarsa. Jikinsa na ƙera wa kansa bitamin C, ba kamar mu ba.

Sai kuma danƙo. Niƙaƙƙiyar gyaɗa irin ta kwalba wadda Turawa ke shafa wa burodi ta sha shaƙe ɓeraye, domin tana manne musu a maƙogwaro. In dole ne a ba shi, sai a tsinka ta da ruwa ya lasa.

Yanzu ga yadda a ke yin ƙwalamar, kuma mai karatu zai ga ba wani abin a zo a gani ba ne. A sami kabewa ko karas ko dankalin Hausa, a wanke, a fere, a yanka. Kabewa ta fi, don ba ta da zaƙi da yawa kuma tana haɗe gari da kyau. A turara a madambaci har ya yi laushi, domin turarawa ta fi tafasawa, ruwan tafasa ya kan tafi da wani abu na amfanin kayan lambu. A murtsuke shi ya yi sumul. A kan kofi ɗaya na wannan sai a zuba kofi ɗaya na hatsin nan irin na Quaker Oats da a ke damawa kamar koko, bayan an ɗan niƙa shi. Garin alkama da ba a cire wa dusa ba, ko garin gero, su ma suna yi. A cuɗa har ya daina kama hannu, in ya yi ruwa a ƙara gari. Mai so ya kan yayyanka ɗan koren ganye ƙanana ya zuba, ko dafaffen koren wake. A shimfiɗa ƙullin a murza shi da kwalba ya yi fale-fale, kaurinsa kamar rabin santimita, sa'an nan a yanka ƙanana, kowane bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Wasu matan Ingila har da 'yan ƙarafan yanka masu siffar tauraro su ke amfani, amma wannan don idon mai gida ne, ɓera bai san tauraro ba.

A jera a tire a sa a tanderu mai matsakaicin zafi, kamar digiri 150, na minti 25 zuwa 30. In lokaci ya cika a kashe wuta, amma kada a fitar. A bar su a ciki har tanderun ya huce da kansa. Wannan zaman na ƙarshe shi ne sirrin aikin, don shi ke fitar da sauran danshi. Gwajin shi ne a ɗauki ɗaya a karya. In ya yi ƙaras kamar ƙuli-ƙuli ya yi, in ya lanƙwasa a mayar. Ɓera na son abin gurgura, domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsawo, suna ƙaruwa da fiye da milimita 2 kowane mako, kullum yana cikin goga su. Launin ɗorawa da ke kansu kuwa ba datti ba ne, haka lafiyayyen haƙorin ɓera ya ke.

Me ya sa na nace a kan bushewa? Saboda fumfuna. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa dalili, sai daga baya aka gano cewa garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil aka haɗa musu abinci ya yi fumfuna mai fitar da guba. Da aka ciyar da ɓerayen gwaji da wannan gari sai suka kamu da sankarar hanta. Gubar ita ce a ke kira aflatoksin, kuma gashi ko dahuwa irin ta gida ba sa kashe ta. Abin da aka gasa a gida ba shi da maganin hana lalacewa irin na kamfani, wannan shi ne amfaninsa kuma shi ne rauninsa. Wanda ya bushe sarai zai yi mako ɗaya ko biyu a kwalba mai murfi. Sauran a sa a firiza a riƙa ɗiba. Duk wanda ya canja launi ko wari a zubar da kwalbar gaba ɗaya, kada a tsaya tsince-tsince. Kuma a tuna ɓera ɗan ajiya ne, ya kan kwashi abinci ya ɓoye a kusurwar keji ko ƙarƙashin shimfiɗarsa. Busasshen abu ba komai, amma yankin kokwamba da ya kwana biyu a ɓoye ya zama cuta, saboda haka a riƙa bincika ma'ajiyarsa kowace safiya.

Akwai masu yanka karas ko kabewa fale-fale su busar kawai, kamar yadda a ke kauɗar tumatir. Hanya ce mai kyau, sai dai karas kusan kashi 9 cikin 10 ruwa ne, in ruwan ya tafi zaƙin na nan ya taru wuri ɗaya. Ɗan guntun busasshe daidai ya ke da babban yanki na ɗanye.

Wanda ya sha wahalar gashi kada ransa ya ɓaci in ya miƙa ɓera ya sunsuna ya juya baya. Dabbar da ba ta amai dole ta yi tsoron baƙon abinci. Al'adarsa ya ɗan gutsura kaɗan ya jira ya ji yadda cikinsa zai yi, in lafiya gobe ya ƙara. Wannan hali ne ya sa guba ke wuyar gamawa da ɓerayen rumbu. Bennett Galef na Jami'ar McMaster a Kanada ya nuna a shekarun 1980 cewa ɓera na sunsunar bakin ɗan'uwansa, in ya ji ƙanshin wani abinci a numfashinsa sai ya amince da wannan abincin. Da ya ke ba a kiwon ɓera shi kaɗai, sai biyu ko fiye don kaɗaici na cutar da shi, dabara ita ce a fara ba wanda ya fi ƙarfin hali, sauran za su biyo. A ba kowa nasa a hannunsa, in ba haka ba babban ya kwashe. Kuma a miƙa a tafin hannu ko a cokali ta ƙofar keji. Wanda ya saba turawa ta tsakanin ƙarafa yana koya wa ɓera cewa duk abin da ya leƙo ta nan abinci ne, ga shi idonsa ba ƙarfi, ranar da yaro ya sa yatsa sai cizo. Bayan an gama kuma a wanke hannu da sabulu.

Lokacin zafi suna da wani wasa wanda ko wuta ba ya bukata. A zuba ruwa kaɗan a faranti mai faɗi, a watsa 'yan ƙwayoyin fis masu sanyi daga firiza, a bar ɓeraye su yi ta lalube da hannu suna kamowa, su ɓare su cinye cikin su yar da ɓawon. Ɓera ba ya gumi kamar mu, ta wutsiyarsa ya ke fitar da wani ɓangare na zafin jiki, don haka shiga ruwan na sanyaya shi, ga motsa jiki, ga abinci marar kitse.

Babban amfanin ƙwalama a ganina ba daɗin baki ba ne. Dabba irin wannan, wadda a dawa kowa ke farauta, ta kan ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta. Mai kiwon da ya san abin da ɓeransa ya fi so yana da ma'auni a hannu: ranar da aka miƙa masa gasasshiyar kabewarsa ya ƙi karɓa, a duba shi da kyau, a saurari numfashinsa, domin ciwon huhu ya yi yawa a cikinsu. In likita ya rubuta magani kuma, a cikin ɗan murtsukakken kabewa ko ayaba a ke ɓoye shi ya lashe ba tare da kokawa ba. Ɓeran da aka saba cika wa ciki da alewa ba zai kula wannan ba.

Har aikin ceton rai an yi da irin wannan tukuici. Ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a Beljiyam a 1997, tana horar da gafiya a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, 'yar'uwar gafiyar nan tamu mai kumatu, ta sunsuno nakiyoyin da aka binne a ƙasa da kuma cutar tarin fuka a majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022 yana da shekara 8. Ladan aikinsa ayaba ce da gyaɗa, ɗan kaɗan bayan kowane nasara.

In ɓera ya tsufa, watau ya haura shekara biyu, abin ya kan juya. Ƙafafun baya su yi rauni, jiki ya fara zubewa, wani ma ya kasa riƙe abinci da hannu biyu. A nan sai a ajiye tanderu, a jiƙa gasasshen a ruwan ɗumi ya yi laushi, ko a ba shi murtsukakken kabewa da ɗan dafaffen ƙwai a murfin kwalba, a ajiye a hawan ƙasa na keji inda ba sai ya hau tsani ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zomaye da irin ganyen da ke kumbura musu ciki.